DARASI: Yadda Yahudawa ke tsarkake kayan girki kafin Idin Ƙetarewa, da abin da ya kamata Musulmi ya sani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya ruwa abin tsarkakewa, Ya kuma sauƙaƙa wa wannan al'umma addininta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da ƴan'uwansa Annabawa da Manzanni, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, dalilin wannan darasi wata tambaya ce da wani dattijo daga cikin masu sallah tare da mu ya kawo mini bayan sallar Isha'i. Ɗansa yana ƙasar Faransa, yana aikin wanke-wanke da taimakon girki a wani gidan abinci na Yahudawa. Yaron ya kira shi ta waya cikin damuwa, ya ce masa an rufe gidan abincin kwana biyu, an sa su kankare tukwane har suna ƙyalli, sa'annan wani malaminsu ya zo ya tsaya a kansu, aka riƙa tsoma cokula da wuƙaƙe cikin tafasasshen ruwa, aka ƙona wasu ƙarafa da wuta har suka yi ja, aka kwashe farantan tangaran aka kulle a ɗaki, kuma aka hana kowa shigowa da ko gutsuren burodi. Dattijon ya ce: "Malam, wannan tsafi ne ake sa yarona? Ko kuwa don shi Musulmi ne ya taɓa kayansu suke ganin sun ƙazantu? Ya halatta ya ci gaba da aikin? Ya halatta ya ci abinci a cikin kwanukansu?"

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka na ga ya dace amsar ta zama darasi ga kowa, domin ƴaƴanmu da ƙannenmu sun bazu cikin duniya neman halaliya, kuma Faransa ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Yahudawa a nahiyar Turai. Za mu bayyana abin da suke yi kamar yadda yake a littattafansu, ba ƙari ba ragi, sa'annan mu koma ga hukuncinmu. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi izinin ba da labari daga Banu Isra'ila, ya kuma hore mu da kada mu gaskata ko mu ƙaryata abin da suka ruwaito wanda shari'armu ta yi shiru a kansa. A kan wannan ma'auni za mu tafi.

FASALI NA FARKO: WANE IDI NE WANNAN?

Sunansa da yaren Ibraniyanci Fesah, da Hausa kuwa ana ce masa Idin Ƙetarewa. Suna yin sa ne don tunawa da fitar Banu Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa (A.S.), ƙissar da Allah Ya ba mu a Suratu Ɗaha da Suratush Shu'ara'i da Suratu Yunus da wasunsu, wadda kuma saboda ita muke azumin Ashura don godiya ga Allah. Idin yana kamawa ranar 15 ga watansu na Nisan, kwana 7 ga mazauna Isra'ila, kwana 8 ga mafi yawan na sauran ƙasashe. Lissafin watanninsu na wata ne kamar namu, sai dai suna ƙara wata na goma sha uku sau 7 a cikin kowace shekara 19, domin idin ya riƙa faɗowa a lokaci guda, wato tsakanin ƙarshen Maris da watan Afrilu. A shekara ta 2025 ya kama da faɗuwar rana ta 12 ga Afrilu, a 2026 kuwa da faɗuwar rana ta 1 ga Afrilu.

A cikin Attaurar da ke hannunsu, Littafin Fitowa sura ta 12 da ta 13, an ambata cewa sun fita cikin gaggawa, ƙullunsu bai samu lokacin tashi ba, sai suka toya shi haka nan. Don haka aka umurce su da cin gurasa marar tsami a kwanakin idin, wadda suke kira matsa, aka kuma hana su duk wani ƙullu da ya tashi.

FASALI NA BIYU: ABIN DA AKA HANA SU

Abin da aka hana suna kiransa hames. Wanda ya yi karatun Larabci zai ji kusancin kalmar da hamid, wato mai tsami, domin yarukan biyu tushensu ɗaya. Hames a wurinsu shi ne garin ɗaya daga cikin hatsi iri biyar, alkama da sha'ir da wasu uku na danginsu da ake nomawa a ƙasashen sanyi, idan ya haɗu da ruwa ya zauna fiye da minti 18 ba a gasa shi ba. Ke nan burodi da taliya da biskit da fanke da alkaki da finkaso da giyar sha'ir duk sun shiga ciki. Gero da shinkafa ba su shiga ba a asalin hukuncinsu, domin Talmud, babban littafin fiƙihunsu, ya fitar da su da suna. Sai dai Yahudawan da asalinsu Turai ta tsakiya da ta gabas ne sun ɗauki al'adar barin shinkafa da gero da wake a wannan idi tun wajen ƙarni na 13, alhali da yawa daga na ƙasashen Larabawa suna cin su.

Tsananin wannan hani ya kai matakai uku: ba a ci, ba a amfana da shi, ba a kuma mallake shi ko a bar shi a gida. Akwai wani tsanani na huɗu wanda shi ne mabuɗin fahimtar darasinmu. A sauran kwanakin shekara, idan ɗan abin da aka haramta musu ya faɗa cikin abinci bisa kuskure, kuma abincin ya ninka shi sau 60, suna ganin ya ɓace, abincin ya halatta. Amma a cikin kwanakin wannan idi, hames ba ya ɓacewa ko da a cikin ninki dubu ne. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa ɗan gutsuren burodi a aljihun ma'aikaci yake tayar musu da hankali.

FASALI NA UKU: ME YA KAWO TUKWANE CIKIN MAGANA?

Duk macen da ta san girki ta san cewa tukunya tana sha. Tukunyar ƙasa da aka saba dafa miyar daddawa a cikinta, ko an wanke ta sau goma, idan aka dafa madara a ciki sai an ji. Ƙwaryar da ta daɗe da nono ba ta rabuwa da ƙanshinsa. Tandar masa mai yana shiga jikinta har ta yi baƙi. Malaman Yahudawa sun gina hukuncinsu a kan haka: zafi yana buɗe jikin tukunya ya shigar da ɗanɗanon abinci, zafi kuma yana sake fito da shi cikin girki na gaba. Tukunyar da aka dafa taliya a cikinta shekara guda, a wurinsu ta sha hames, ko da ido bai ga kome ba.

Sun kafa hujja da wurare biyu a Attaurarsu. Na farko Littafin Ƙidaya sura ta 31, inda aka ambata cewa bayan yaƙinsu da mutanen Madyana an umurce su da su ratsa kayan ganima na zinariya da azurfa da tagulla da baƙin ƙarfe da kuza da darma ta cikin wuta idan masu shiga wuta ne, sauran kuma ta cikin ruwa. Na biyu Littafin Firistoci sura ta 6, inda aka ce tukunyar ƙasa da aka dafa naman hadaya a cikinta sai a fasa ta, ta tagulla kuwa a goge a ɗauraye. Daga nan suka ciro ƙa'idoji biyu. Ta farko, abin da ya shiga jikin ƙwarya ko tukunya ta wata hanya, ta wannan hanyar ce kaɗai yake fita. Ta biyu, kayan yumɓu ba su sakin abin da suka sha har abada.

An tattauna waɗannan mas'aloli a Talmud, sa'annan Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya yi aikin likita a fadar Salahuddin ya kuma rasu a Masar a 1204, ya tsara su babi-babi. Littafin da suke komawa gare shi wajen aiki shi ne Shulhan Aruk na Yusuf Karo, wanda aka fara bugawa a birnin Banis na Italiya a 1565, daga baya kuma aka haɗa shi da ta'aliƙin Musa Isarles na birnin Karako a Folan. Matsayinsa a wurinsu kamar matsayin Muhtasar ne a wurin Malikawa. Yahudawan ƙasashen Larabawa da Andalus suna bin maganar Karo, na Turai suna bin ta Isarles inda suka saɓa.

FASALI NA HUƊU: HANYOYIN TSARKAKEWA

Kafin kowace hanya akwai sharaɗi biyu. Na farko a wanke abin sarai, a kankare tsatsa da maiƙo da duk abin da ya maƙale a lungu ko a gindin mariƙi, domin tafasa tana fitar da abin da jiki ya sha ne, ba ta kawar da abin da ke manne a sama. Na biyu a bar shi sa'a 24 ba a yi amfani da shi da zafi ba, domin a ganinsu ɗanɗanon da ya kwana ya lalace, ƙarfinsa ya ragu. Bayan haka sai a dubi yadda ake aiki da abin a cikin shekara, a zaɓa masa hanyarsa.

1. Ƙonawa da wuta. Suna kiranta libun, ma'ana farartawa, daga tushen da Larabci ya samo sunan madara. Wannan ta abin da ke taɓa abinci a kan wuta kai tsaye ne ba tare da ruwa ba, kamar tsinken gashi na ƙarfe, da ragar gasa nama, da farantin toya burodi. Ana ƙona shi da garwashi ko da wutar masu walda har ya yi ja yana tartsatsi. Akwai ƙaramar ƙonawa kuma, wadda alamarta ita ce a ɗora kara ko ciyawa a bayan ƙarfen ta babbake. Ana yin ta ga abin da ke da tsaga ko lungun da hannu ba ya kaiwa. Da yake ƙonawa mai tsanani tana lalata kaya, mafi yawansu sukan sayi sababbin farantan toya don idin kawai.

2. Tsomawa cikin tafasasshen ruwa. Suna kiranta hagala, ma'ana amayarwa. Wannan ta abin da ake dafuwa da ruwa a cikinsa ne ko ake sa shi cikin abinci mai zafi, kamar tukwanen ƙarfe da ludayi da cokula da wuƙaƙe. Sai ruwan yana tafasa yana ɓulɓula ake tsomawa, kuma dole ya game ko'ina. Ana jefa cokula ɗaya bayan ɗaya don kada su manne wa juna, idan tafasar ta kwanta a dakata ta dawo. Idan da awartaki aka riƙe abin, sai a sassauta a sake kama wani wuri, don ruwa ya taɓa inda aka riƙe. Da an fitar sai a ɗauraye da ruwan sanyi. Babbar tukunyar da ba ta shiga cikin wata, cika ta ake yi da ruwa har baki, idan ta tafasa a jefa mata dutsen da aka gasa ya yi zafi, ruwan ya yi ambaliya ya wanke leɓenta.

3. Kwarara ruwan zafi. Suna kiranta irui. Wannan ta abin da ba a ɗora shi a wuta ne, sai dai a zuba masa abu mai zafi daga tukunya, kamar teburin dutse ko kwarmin wanke-wanke na ƙarfe. Ana kwarara masa ruwa kai tsaye daga butar da ke tafasa, ba tare da zubin ya yanke ba, wuri bayan wuri har a game.

4. Wankewa da ruwan sanyi. Wannan ta abin da sanyi kaɗai ya sani ne, kamar kofin shan ruwa da cikin firigo. Amma abin da aka ajiye hames mai ruwa a cikinsa har ya kai sa'a 24, suna ba shi hukuncin wanda aka dafa a ciki. Ga kofunan gilashi wasunsu suna da wata hanya: a jiƙa su kwana uku, ana zubar da ruwan ana sake sabo bayan kowace sa'a 24.

Ku lura, Allah Ya yi mana rahama, yadda hanyoyin huɗu suke bin ƙa'ida guda. Abin da wuta ta shigar wuta ke fitarwa, abin da tafasa ta shigar tafasa ke fitarwa, haka har zuwa ƙasa. Babbar hanya tana isar wa ƙarama, ƙarama ba ta isar wa babba.

FASALI NA BIYAR: ABIN DA KE KARƁAR TSARKI DA WANDA BA YA KARƁA

Ƙarfe kowane iri, da itace marar tsaga, da dutse, suna karɓar tsarki. Kayan yumɓu da na tangaran da aka yi amfani da su da zafi ba su karɓa. Shi ya sa aka kulle farantan da yaron ya gani. Ba fasa su ake yi ba, ajiye su ake yi har idi ya wuce. Yahudawan Habasha kuwa, waɗanda matansu suka shahara da ginin tukwane, al'adarsu a ƙauyukansu ita ce su farfasa tsofaffin tukwanen ƙasa kafin idin su gina sababbi.

Game da gilashi sun saɓa. Karo yana ganin santsinsa ya hana shi sha, wanki ya isa. Isarles ya ce al'adar mutanensa ita ce tsanantawa, domin daga yashi aka yi shi, ya yi kama da yumɓu. Haka suka saɓa game da kaskon suya da mai: Karo ya ce tafasa ta isa, Isarles ya fi son a ƙona. Roba kuwa magabatansu ba su san ta ba, sai malamansu na wannan zamani suka rabu biyu: Musa Fainstain na birnin Niyok, wanda ya rasu a 1986, ya tsananta game da ita a wannan idi, wasu kuma suka halatta a tsoma ta a ruwan zafi idan tana jurewa. Rariya da magogi da duk abin da ke da ƙananan huji, da wuƙar da ke da tsaga tsakanin ƙarfe da ƙota, barin su ake yi, domin ba a iya tabbatar da tsabtarsu. Saboda yawan waɗannan sharuɗɗa, gidaje da yawa suna da kayan girki na musamman da ba a fito da su sai mako guda a shekara.

Kayan zamani ma sun ba su hukunci. Tanderun lantarki mai wanke kansa da zafi, wanda ke kaiwa wajen digiri 480, suna ɗaukar wannan zafi a matsayin cikakkiyar ƙonawa. Tanderun da ba shi da wannan, sai a wanke shi, a bar shi sa'a 24, a kunna shi iyakar zafinsa kamar sa'a guda. Ƙarafan murhun gas ana ƙona su ko a sake wasu. Na'urar gasa yankan burodi ajiye ta ake yi. Tebura da kantoci da ba su karɓar ruwan zafi sai a lulluɓe su da takardar alminiyam ko wani abin rufi. A unguwanninsu na birnin Ƙudus da wasu garuruwa, idan idi ya gabato, akan kafa manyan tukwane a bakin titi, jama'a su yi layi da kwandunan cokula da tukwane ana tsoma musu.

FASALI NA SHIDA: DAREN BINCIKE

Dole a gama duk wannan kafin hantsin ranar 14 ga Nisan. A daren da ke gabaninta maigida yana zagaya gida da kyandir yana duba lungu-lungu, bisa al'ada da gashin tsuntsu da cokalin itace don tattara ɓarɓashi. Da safe, idan an raba wuni kashi 12, suna daina cin hames a ƙarshen kashi na huɗu, su ƙone abin da ya rage kafin ƙarshen na biyar, sa'annan maigida ya furta cewa duk wanda ya saura bai gani ba ya fita daga mallakarsa. Wanda yake da kaya masu yawa, kamar mai shago, yakan sayar da su ga wanda ba Bayahude ba ta hannun malaminsu, a saye su kuma bayan idi. Shekaru da dama wani Musulmi Balarabe na garin Abu Gosh kusa da Ƙudus ne ya riƙa sayen na hukumomin Isra'ila ta wannan hanya. A Maroko kuma, daren da idin ya ƙare, maƙwabtansu Musulmi ne suka saba kawo musu garin alkama da man shanu da madara, domin gidajensu babu gari. Wannan dare shi suke kira Mimuna.

FASALI NA BAKWAI: INDA MUKA HAƊU DA INDA MUKA RABU

Shari'armu ma ta yi magana a kan tukwane. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Sa'alaba Alhushani (R.A.) ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da kwanukan Ma'abota Littafi, sai ya shiryar da shi ga barinsu idan akwai wasu, idan babu kuwa ya wanke su ya ci a ciki. Ruwayar Abu Dawuda ta bayyana dalili: mutanen da ake magana a kansu suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a kofunansu. Haka kuma a ranar Haibara, da aka haramta naman jakin gida alhali yana kan wuta, ya yi umurni a zubar a fasa tukwanen. Da wani ya nemi a zubar a wanke, sai ya yarje masa. Wannan hadisin Salamatu ɗan Akwa'u ne (R.A.), yana cikin Buhari da Muslim. Ku dubi yadda aka sauko daga fasawa zuwa wankewa.

Malamanmu na Malikiyya ba su jahilci cewa tukunya tana sha ba. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa kayan yumɓu da najasa mai ratsawa ta shige su cikin abubuwan da ba su karɓar tsarki, masu sharhi kuma suka yi misali da giya da fitsari idan sun daɗe a ciki, suka fitar da ƙarfe da tagulla da gilashi daga wannan hukunci. A nan mun yi kusa da su. Amma mun rabu a wurare uku. Na farko, abin da muke kawarwa najasa ce, su kuwa burodi ne, wanda halal ne gare su a sauran shekara, halal ne gare mu kullum. Na biyu, a wurinmu ruwa mai tsarki ya isar idan launi da ɗanɗano da warin najasa sun gushe, ba a sharɗanta tafasa ko ƙonawa ko jiran sa'a 24 ba. Na uku, asalin abubuwa a wurinmu tsarki ne, ba a barin yaƙini saboda shakka. Allah Ya ba mu labari a Suratul An'am aya ta 146 da Suratun Nisa'i aya ta 160 cewa an tsananta wa Yahudawa a sha'anin abinci, Ya kuma siffanta Annabinmu (S.A.W.) a Suratul A'araf aya ta 157 da sauke nauyaye-nauyaye. Saboda haka kada wani mai waswasi ya karanta wannan darasi ya je ya sa iyalinsa tafasa cokula. Wanda ya ƙara a kan abin da aka shar'anta masa bai ƙara kusanci ba.

FASALI NA TAKWAS: AMSA GA MAI TAMBAYA

Na farko, Alhaji, abin da ɗanka ya gani ba tsafi ba ne, hukunci ne na addininsu, rubutacce a littattafansu, mai dalilai sanannu a wurinsu. Na biyu, ba don shi ake yi ba. Da babu Musulmi ko ɗaya a gidan, da haka za su yi, domin tukunyar da babban malaminsu ya dafa taliya da hannunsa ita ma sai an tafasa ta. Na uku, wanke tukunya da kankare ta don a biya shi lada aiki ne da babu haram a cikin zatinsa, kuma mu'amala da su ta tabbata, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Sai dai ya nisanci ɗaukar giya da zuba ta, domin a daren farko na idin suna shan kofi huɗu na giyar inabi a matsayin ibada. Kada ya shiga addu'o'insu, kada kuma aikin ya hana shi sallah a kan lokaci. Na huɗu, cin abinci a kwanukansu ya halatta. Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma masu kiyaye addini cikinsu ba su cin alade. Abin da aka dafa da giya kaɗai zai bari, kofin da aka sha ta a ciki kuma ya wanke.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi: amana. Idan an ce masa kada ya shigo da burodi, to kada ya shigo da shi a ɓoye yana cewa ai ba kome ba ne. Idan an ce ya bar tukunya sa'a 24, kada ya yi aiki da ita ya ce ya bari. Idan kuskure ya auku, cokalin da ba a tsarkake ba ya faɗa cikin girki, ya faɗi gaskiya ko da za a yi masa faɗa. Ba a nemi ya yi imani da hukuncinsu ba, amma ya karɓi lada a kan sharaɗi, Musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa. Suratul Ma'ida ta buɗe da umurnin cika alkawari, aya ta 8 kuma ta hana saɓani da wasu mutane ya kai mu ga barin adalci. Mutanen da yake wa aiki wataƙila ba za su taɓa buɗe littafin Musulunci ba. Abin da za su sani game da addininmu shi ne abin da suka gani a hannun ɗanka lokacin da babu mai kallonsa.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, akwai wa'azi a cikin wannan ga mai hankali. Zuciya ma tana shan abin da aka daɗe ana zuba mata, kuma tuba tana bin hanyar da laifi ya bi. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa nadama da istigfari da barin komawa suna wanke shi. Amma dukiyar maraya da aka ci, da gonar da aka tura wa iyaka, da bashin da aka danne, istigfarin baki ba ya fitar da su, sai an mayar wa masu su. Kowannenmu ya dubi abin da tukunyarsa ta sha, ya nema mata hanyar da ta dace da ita tun kafin ranar da ba a karɓar fansa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da abincinmu, Ya tsare ƴaƴanmu da ke baƙunta, Ya ciyar da su halal, Ya sanya su masu riƙon amana a duk inda suke. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.